Babi na Shida: Zango a Sidi Ifni

Kawu ya ce in jira shi a Tanja, kada in wahalar da kaina da neman bizar Sifaniya. Na sauka a Kasabalanka, na hau jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya da suke kira Al Boraq, wanda aka buɗe a 2018, cikin awa biyu da 'yan mintuna sai ga ni a Tanja. Daga cikin gari kuma na ƙara kusan kilomita 40 a tasi zuwa babbar tashar jiragen ruwa ta Tanger Med. Ranar gari ya yi garau, ana hango duwatsun Sifaniya a tsallake kamar mutum ya miƙa hannu ya taɓa. A inda mashigin tekun ya fi ƙunci, kilomita 14 ne kacal tsakanin Afirka da Turai. Kano zuwa Wudil ya ninka haka har sau uku.

Jirgin ruwan da ya taso daga Aljasiras a tsallaken ya wangame baki ya shiga amayar da motoci. Bayan tireloli sai ga su a jere: farare fat, dogaye, masu tagogi da labule, kowace da kekuna biyu ɗaure a ƙeya. A gaba tsoho da tsohuwa, wani lokaci da kare zaune a tsakiyarsu yana kallon hanya kamar shi ya biya kuɗin jirgin. Na ƙirga ashirin da wani abu, na gaji na bari. Watan Janairu ne na 2025, kuma yawancin lambobin motocin na Faransa ne, sai Jamus da Holan da Italiya.

Ta Kawu ce ta fi kowace tsufa. Shi ƙanin mahaifiyata ne, ya shekara 31 yana tuƙa bas a wani gari a kudancin Faransa. Da ya yi ritaya dangi suka zuba ido ya dawo Damagaram ya gina bene, sai labari ya iso cewa ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki. Wata innarmu da ta ga hoton ta ce, "To, mun ce ya zauna a gida, ga shi ya sa wa gida taya."

Kwastan suka leƙa ciki, suka tambaye shi ko yana ɗauke da bindiga ko ɗan jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi, don Maroko ba ta yarda a shigo da shi haka nan ba. Suka ba motar takardar zaman wata shida, shi kuma mai motar kwana 90. Da muka hau hanya ya nuna mini ayarin da ke gabanmu da haɓa.

"Ɗan nan, ka san su wane ne waɗannan? 'Yan cin rani ne. Mu rani ke korarmu daga gida, su kuwa sanyi."

Na yi dariya, amma duk tsawon tafiyar ban sami kalmar da ta fi wannan dacewa ba. Ɗan cin ranin ƙasarmu yana barin gida bayan an kai amfanin gona rumbu, don ya rage wa rumbun baki ɗaya, ya dawo da saukar damina. Waɗannan 'yan fansho ne. Suna kulle gida a ƙarshen shekara don su huta da kuɗin ɗumama ɗaki, su komo a watan Maris idan rana ta fara leƙowa. Fanshonsu da yuro ake biya, yuro ɗaya kuwa ya haura dirhami 10. Tukunyar gas mai kilo 12, wadda gwamnatin Maroko ke tallafa wa farashinta, dirhami 50 take a lokacin, kuma a hakan ma jama'a na ƙorafi, don kafin watan Mayun 2024 a dirhami 40 take. Mutumin da fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata a Lil ko Diseldof, a nan yana cin kifi ɗanye kullum har ya yi saura.

Cikin motar bai kai shagon mai shayi girma ba. Gado a can baya, tebur da ake naɗewa ya zama gadona, murhu mai kai biyu, ɗan firji, sai wani ƙuntataccen lungu da ya haɗa wanka da bayan gida. A rufi akwai faranti ɗaya na sola da ke cika batir. Kawu ya fara mini karatu tun ban gama ajiye jaka ba. Lasin tuƙin ƙaramar mota a Turai ya tsaya a kilo 3,500, don haka masu ƙera irin waɗannan motoci ke matse komai ya zauna ƙarƙashin wannan nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Shi ya sa tankin ruwan sha bai wuce lita 100 ba. Akwai tanki na biyu a ƙarƙashin mota da ke tara ruwan wanke-wanke, sai na uku, wani akwatin roba da bai kai lita 20 ba, wanda bayan gida ke zuba a ciki, ana zaro shi ta wata 'yar ƙofa daga waje.

"Duk abin da ka gani a talla, mota ita kaɗai a bakin teku da faɗuwar rana, gaskiya ne," in ji shi. "Amma na kwana uku. Rana ta huɗu ko tanki ɗaya ya ƙare ko ɗaya ya cika."

Daga Tanja zuwa Sidi Ifni ta bakin teku ya haura kilomita 1,000. Rabin farko babbar hanya ce mai kuɗin shiga, lafiyayya, ba abin faɗa a kanta: Rabat, Kasabalanka, Aljadida, Safi. Jandarmomi na tsaye a mashigar kowane gari, amma da sun hango farar mota mai ɗaki sai su ɗaga hannu a wuce. Sau biyu kawai aka tsayar da mu, kuma duka biyun bayan an leƙo an ga fuskokinmu ne. Kawu ya miƙa jan fasfonsa na Faransa, ni na miƙa nawa kore, aka daɗe ana juya nawa.

A Essawira muka yi kwana biyu, kuma iskar garin ce ta fara koya mini yadda gaɓar nan take. Iska ce mai kaɗowa daga arewa ba dare ba rana, tana girgiza motar har cokula su yi ta ƙara a cikin aljihun tebur. Ita ce ke tura ruwan saman teku ya yi nesa da gaɓa, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa, ɗauke da abincin kifi. Daga nan arzikin sadin ya fito, har Maroko ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi a gwangwani. Akwai yiwuwar wanda ka ci da burodi a makarantar kwana daga nan ya taso. Wannan ruwan sanyin kuma shi ne ke hana hadari haɗuwa. Yana ba da hazo da raɓa, ya riƙe ruwan sama. Ga teku iya ganinka, ga ƙasa a bushe ƙamas a bayanka.

Sarki Sidi Muhammadu bin Abdullahi ne ya gina garin a shekarun 1760, ya mai da shi tashar da ayarin Tumbuktu ke sauke kaya: gashin jimina, hauren giwa, ƙaro, zinariya. Ta hanyoyin Saharar nan aka riƙa tsallako da bayi, kuma zuriyarsu ce ake kira Ginawa. Da dare a wani lungu na ji kiɗansu. Wani dattijo yana kaɗa gimbiri, mai tsirkiya uku da fatar raƙumi, samari na buga wasu ƙarafa a hannu da ba su da maraba da sambani. Suna da zaman dare da ake yi da turare da tufafi launi-launi, kowane launi da iskarsa, wanda duk wanda ya taɓa ganin bori ba sai an yi masa fassara ba. Tun 1998 ake yi musu babban biki a garin kusan kowace shekara, Turawa na cika wurin. Na tsaya a bakin ƙofa har aka tashi, ban san me zan ce wa dattijon ba, na yi masa sallama kawai, ya amsa.

Daga Essawira zuwa Agadir kilomita kusan 175 ne na hanya mai kwana-kwana a cikin duwatsu, ko'ina itatuwan argan. Itace ne gajere mai ƙaya, da 'ya'ya masu ƙwallo da ake fasawa a matse mai. In ka san aduwa ka san ɗan'uwansa. Awaki na hawa har ƙololuwa. A wannan hanyar na yi abin kunyata.

Mun ratse zuwa Imsuwan, ƙauyen masunta, muka kwana a kan wani tudu da ke kallon teku, ba a zango ba. Jandarma kan tashi masu irin wannan kwana a wurare da yawa yanzu, amma mu ba wanda ya zo. Kawu ya kwanta da wuri. Ni kuma na ce bari in yi abin kirki: na wanke kwanuka da famfo a buɗe, na ɗauraye riguna biyu, na yi alwala a wadace kamar ina gaban rijiya. Can sai injin ruwan ya fara wani irin tari, ya tofo iska, ya yi shiru. Daga cikin bargo na ji muryar Kawu.

"Ka ji wannan kukan? Famfo ne ke gaya maka ka shanye mana kwana biyu."

"Kawu, a yi haƙuri. Ban san ya yi ƙasa haka ba."

"Kai da ka tashi kana jan guga. Birni ya ɓata ka."

Da asuba ya ba ni buta ya nuna mini gangara. Ruwan teku yana halatta alwala, kowane ɗalibin fiƙihu ya san wannan, amma sanin hukunci daban, kurkure baki da shi a watan Janairu daban. Yatsuna suka ƙage, gishiri ya kama mini lebe har hantsi. Ruwan jarka ɗaya da ya rage muka yi shayi da shi. Daga ranar na koyi wanke kwano da kofi ɗaya, na koyi wanka da lita uku, kuma na lura idona ya daina neman kyan wuri in mun shiga gari, famfo yake nema.

Agadir ba mu tsaya ba sai don cika tanki da sayen mai. Sabon gari ne duka, don girgizar ƙasa ta daren 29 ga Fabrairun 1960, a farkon azumi, ta rushe tsohon, ta kashe mutum 12,000 ko fiye. Kudu da shi, a yankin Shtuka, akwai masana'antar tace ruwan teku da ta fara aiki a 2022, tana shayar da birnin da gonakin tumatir. Muka wuce Tiznit mai jar ganuwa da maƙeran azurfa, muka gangara Mirlaft, muka leƙa Lagzira, inda teku ya huda jan dutse ya yi masa ƙofofi kamar na ganuwa. Ɗaya daga cikin manyan biyun ta rufta a watan Satumban 2016, tarin duwatsunta na nan. Kilomita 10 daga nan sai Sidi Ifni.

Garin yana kan tudu, fari da shuɗi, zangon kuma yana ƙasa a bakin rairayi. Zango nake kiransa don ban ga abin da ya raba shi da na fatake ba: fili ne da aka kewaye da katanga, an baje tsakuwa, an ja layi, kowane gurbi da lambarsa da sandar lantarki. Akwai famfo, akwai bayan gida da wurin wanka, akwai mai gadi. Muka biya kusan dirhami 100 a kwana har da wuta. Kawu ya yi ta gaba da baya yana cusa katako a ƙarƙashin taya har motar ta daidaita, don in ta karkace firji ba ya sanyi, mai barci kuma ya wayi gari kansa a ƙasa. Ya juya mata baya ga iska. Maƙwabcinmu Bajamushe bai yi haka ba, ya kuma bar rumfarsa a buɗe ya tafi kasuwa. Ya dawo ya tarar da ita a kan rufin motarsa, ƙarafan sun lanƙwashe.

Da daren farko ban yi barci ba. Wanda ya tashi a ƙasar da ruwa mafi girma shi ne tafki ba ya tsammanin teku na da murya haka. Raƙuman ruwa na faɗowa kamar ana sauke tifar dutse, su ja da baya suna tsaki a cikin tsakuwa, su sake. Sau biyu a yini ruwan ke cika ya janye. Da yamma na bar takalmina a busasshen yashi, nesa da ruwa a ganina, na dawo na tsinci ƙafa ɗaya.

Abin kallo na zangon da safe yake. Wajen ƙarfe takwas za ka ga ƙofofi na buɗewa, tsofaffi na fitowa kowa yana jan akwatin bayan gidansa, mai 'yan tayoyi da mariƙi kamar jakar filin jirgi. Su yi layi a bakin ramin da aka tanada, suna gaisawa, suna hirar iska. A layin nan na tsaya bayan wani tsohon injiniyan jirgin ƙasa da wata da ta shekara 40 tana koyarwa. Kowa ya zubar, ya ɗauraye, ya zuba shuɗin magani, ya juya. A wajenmu masu wannan aiki da dare suke fitowa, kuma ba kowa ke ba su hannu ba. Ranar farko na toshe hanci ina ɓoye fuska. Kawu ya ce tunda ni ne ƙarami, kuma ni na shanye tanki, aikin ya zama nawa har in tafi.

Bayan layi sai kasuwa ta biyo mu har gida. Mai gurasa da kekensa yana busa ƙaho. Mai kifi da akwatin sadin da ya kwana a teku. Tela mai ɗinka wa gilashin gaba riga saboda rana, mai sauya wa kujeru yadi, mai ɗora sola, da wani mai fenti da ke zana raƙumi da dabino a jikin mota, har ka riƙa gane wanda ya taɓa zuwa da wanda bana ce farkonsa. Wasu ma a tafiyar suke gyara haƙori da yanka tabarau a Agadir. Da la'asar Faransawa su share fili su yi wasansu na jifa da ƙwallon ƙarfe, da gardama kamar ana rabon gado.

Mutanen gari ba bakinsu ɗaya a kan baƙin ba. Wani mai shago ya ce mini suna zuwa da cukunsu da giyarsu tun daga gida, su yi wata uku ba su kwana a otal ba, sa'annan su tsaya cinikin dirhami ɗaya a kan tumatir. Na ga hakan da idona, kuma bai yi mini kyau ba. Amma na ga telan nan ma, wanda ya ce aikin wata huɗun sanyi ke riƙe shi shekara. Garin ya ɗanɗana rashinsu: ambaliyar Nuwamban 2014 ta yanke hanyoyi ta lalata zangunan da ke bakin kwari, sai kuma Maris na 2020, da aka rufe iyakoki saboda korona, ɗaruruwan motocin suka maƙale a ƙasar, daga baya aka yi sanyi guda zangunan na fayau.

Sidi Ifni ya saba da baƙi daga tsallake. Yarjejeniyar 1860, bayan yaƙin Tetuwan, ta ba Sifaniya wuri a gaɓar nan, amma ba ta zo ta zauna ba sai 1934. Maroko ta sami 'yanci a 1956 Ifni na hannun Sifaniya; aka gwabza yaƙi a 1957 zuwa 1958, inda ƙabilar Ait Ba'amran ta yankin ta taka rawa, Sifaniyawa suka takure a cikin gari, ba su fita ba sai 30 ga Yunin 1969. Sun bar dandali da gine-gine masu zagayayyun kusurwa, da tsohon filin jirgi a tsakiyar gari inda kasuwar Lahadi ke ci, da wasu ginshiƙan kankare a cikin teku da a da ake jan kaya ta kansu da igiyar ƙarfe daga jiragen ruwa. Tsofaffi har yau da Sifaniyanci suke gaishe da baƙo. A masallaci kuwa sai na ji kamar ina gida: Malikiyya ne, liman na karatu da Warshu.

A kasuwar Lahadin aka ba ni labarin tarun hazo. A kan dutsen Butmezgida, can cikin ƙasar Ait Ba'amran, wata ƙungiya mai suna Dar Si Hmad ta kafa manyan taruna a tsaye suna fuskantar iska. Hazon da ke tasowa daga tekun nan mai sanyi yana ratsa su, ya bar ɗigo a zare, ɗigo ya gangara cikin kwararo, ya bi bututu zuwa ƙauyukan da mata kan yi awoyi suna neman ruwa. Tun 2015 famfunan ke zuba. Ƙasar ta yi shekaru a jere cikin fari, har an riƙa rufe gidajen wanka kwana uku a mako a wasu birane, kuma wata guda bayan komawata Sarki Muhammadu na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da layya a shekarar saboda dabbobi sun ragu. Da na ji wannan na tuna riguna biyun da na ɗauraye a Imsuwan.

Akwai wani saurayi da ke zagaya zangon da bokiti da tsani yana wanke farantan sola, don gishirin iska na dusashe su. Ya wanke namu, Kawu ya zuba masa shayi. Ya daɗe yana kallon lambar motar kafin ya yi magana.

"Alhaji, kai ta yaya ka shiga?"

"Da tikitin jirgin sama, a 1985. Shekara ɗaya bayan nan Faransa ta kafa biza."

Yaron ya yi murmushi, ya waiwaya wajen teku. Tsibiran Kanari na Sifaniya suna can bayan ruwan. Daga Tarfaya, kudu da nan, kusan kilomita 100 ne zuwa mafi kusa. Daga Ifni ya ninka haka fiye da sau biyu. A shekarar 2024 mutum sama da 46,000 suka isa tsibiran a kwalekwale da jiragen roba daga gaɓar Afirka, daga Maroko har Senegal da Gambiya, ban da waɗanda ruwa ya ci. Ya ce abokansa biyu suna tsibirin Lanzarote, na uku tun bara ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya faɗi haka yana juya kofi a hannu, a tsakiyar motoci sittin da suka tsallako cikin awa ɗaya da rabi, masu su na shan kofi a saman jirgi. Na jira Kawu ya yi masa nasiha irin ta manya. Bai yi ba. Ya ƙara masa shayi, ya tambaye shi ko ya iya gyaran injin ruwa, don namu tun daren da ya sha iska bai koma daidai ba. Yaron ya ce zai duba. Suka kwanta a ƙasa su biyu, kawunansu a cikin akwatin tanki, har magariba.

Kwana tara na yi. Kawu zai zauna sai Maris, in kwanakinsa 90 sun kusa cika, ni kuwa motar haya ta Agadir ƙarfe tara take tashi. Da asubar ranar hazo ya rufe gari, ba a ganin tudu, ba a ganin teku, sai ƙararsa. Na fito na tarar da shi yana goge gilashin gaba da tsumma. Tsumman ya jiƙe sharkaf, ya matse shi a cikin gwangwanin na'a-na'ar da yake shukawa a bakin taga, ya sake gogewa, ya sake matsewa.

"Ka gaida uwarka," ya ce, bai juyo ba. "Ka ce mata gidan yana nan, tayoyinsa huɗu lafiya."

Na ɗauki jaka. Sai ya yi gyaran murya, ya nuna 'yar ƙofar nan ta gefen mota. Ƙarfe takwas saura, layi bai yi tsawo ba tukuna. Na ajiye jakar, na zaro akwatin.